Al'adar haɗa kai kan gina hanyoyi a Amurka

Harkar sufuri na daga cikin fannonin da manyan jam'iyyun Amurka biyu, Democrat da Republican, suka daɗe suna ajiye gaba su yi aiki tare. Tushen wannan al'ada yana cikin dokar manyan hanyoyi ta 1956. Shugaba Dwight Eisenhower, ɗan Republican, shi ya matsa a yi ta. Tun yana matashin hafsa a 1919 ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, tafiyar da ta ci kwana 62 saboda lalacewar hanya. Amma majalisar da ta rubuta dokar tana hannun 'yan Democrat, irin su George Fallon da Hale Boggs da Sanata Albert Gore, mahaifin wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Dokar ta tanadi hanyoyi masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya za ta biya kashi 90 cikin 100, jihohi su cike ragowar. An kafa asusu na musamman da harajin man fetur ke shiga, aka ɗaga harajin daga senti 2 zuwa 3 kan kowane galan.

Abin da ya riƙe wannan zumunci shi ne kowa na samun rabonsa. Babu ɗan majalisar da mazaɓarsa ba ta buƙatar gada ko titi. Shi ya sa ko Ronald Reagan, da ya hau mulki da alƙawarin rage haraji, ya sa hannu a farkon 1983 kan ƙarin senti 5 a harajin fetur.

Ma'aikatar Sufuri, wadda ta fara aiki a 1967, ta zama kujerar da shugaba ke iya bai wa ɗan adawa. George W. Bush ya naɗa Norman Mineta, ɗan Democrat, a 2001. Mineta ya sha faɗin cewa hanya ba ta da jam'iyya, cunkoso ma haka. Barack Obama ya rama wannan karamci a 2009 da Ray LaHood, ɗan Republican daga Peoria a jihar Illinois, wanda ya shekara 14 a majalisar wakilai.

A zamanin LaHood ne ɓarakar ta fito fili. Ra'ayinsa shi ne Amurka ta gina arzikinta ne a kan manyan ayyuka, kuma wannan zamani bai kyauta wa na gaba ba idan ya bar musu ramuka da gadoji masu rawa. Ya goyi bayan jirgin ƙasa mai sauri, ya kuma ce masu keke da masu tafiya a ƙasa suna da haƙƙi a titi kamar mai mota. 'Yan jam'iyyarsa ne suka fi yaƙarsa. Tsakanin 2010 da 2011 sababbin gwamnonin Wisconsin da Ohio da Florida, dukkansu 'yan Republican, sun ƙi karɓar kuɗin jirgin ƙasa da tarayya ta ware musu. A 2012 LaHood ya ce ƙudurin sufuri da majalisar wakilai ta kawo shi ne mafi son kai na jam'iyya da ya taɓa gani.

Akwai dalilan da suka wuce halin mutane. A 2011 majalisa ta daina barin ɗan majalisa ya cusa aikin mazaɓarsa da suna cikin kasafi, alhali da irin wannan ake sayen ƙuri'ar mai taurin kai. Harajin fetur kuma ya tsaya a senti 18.4 tun 1993, ga tsadar aiki, ga motoci sun rage shan mai. Tun 2008 ake ɗebo kuɗi daga baitulmali ana toshe giɓin asusun. LaHood ya nemi a ƙara harajin, amma sai bayan ya sauka a 2013 ya faɗe shi da babbar murya, domin fadar shugaban ƙasa da ya yi wa aiki ba ta so. A 2015 ya fitar da littafi kan rayuwarsa ta siyasa da neman sulhu tsakanin jam'iyyu.

Al'adar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Dokar manyan ayyuka da Joe Biden ya sa wa hannu a Nuwamba 2021 ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 69 da 30, sanatocin Republican 19 na ciki. A majalisar wakilai 'yan Republican 13 kacal suka goya mata baya, kuma ba a taɓa harajin fetur ba.