Yadda Asibitoci Suka Koyi Tattalin Fenisilin

A watan Fabrairu na shekarar 1941, a asibitin Radcliffe da ke Oksfod ta ƙasar Ingila, aka yi wa wani ɗan sanda allurar fenisilin, kuma saboda tsananin ƙarancin maganin a wancan zamani, sai da ta kai abokan aikin Howard Florey, jagoran masu binciken maganin, suna tara fitsarin majiyyacin, su tace abin da ya fito na magani, su sake mayar masa a jiki; ya fara samun sauƙi ke nan sai guzurin ya ƙare, rai ya yi halinsa a watan Maris.

A Amurka kuwa, cikin 1943, likita Chester Keefer na birnin Boston aka ɗora wa amanar rabon ɗan fenisilin da ya saura bayan kason sojoji, ta yadda duk likitan da ke bukata sai ya aika masa bayanin ciwon, ya auna, sa'an nan ya yanke hukunci.

To, da masana'antu suka gane kan sarrafa shi, har abin da ake saye dala 20 a 1943 ya koma ƙasa da dala 1 a 1946, sai wannan taka-tsantsan ya gushe, israfi ya maye gurbinsa, alhali kuwa Alexander Fleming, wanda ya gano maganin tun 1928, ya riga ya yi gargaɗi a 1945 cewa ƙwayar cutar da aka ba maganin da bai isa ya kashe ta ba, ita ce za ta saba da shi ta bijire.

A nan ne Mary Barber, ta asibitin Hammersmith a Landan, ta cancanci yabo na musamman, domin ita ce ta zauna ta yi lissafi, ta nuna cewa ƙwayoyin sitafilokokas masu bijire wa fenisilin a asibitinsu sun tashi daga kashi 14 cikin ɗari a 1946 zuwa 59 a 1948. A ganina aikinta ya fi na Keefer wuya, gama shi babu ce ta tsare masa ƙofa, ita kuwa likitoci ta roƙa su kame hannu ga maganin da ya cika ma'aji, mai araha, wanda majiyyata ke nema da bakinsu. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ta shawo kansu suka yarda da ƙa'ida guda ta rubuta magani, haɗe da tsanantawa kan tsabta a ɗakunan jinya, kuma rahotonta na 1960 ya tabbatar da cewa bijirewar ta ragu.