Tarihin duwan a kan hanyoyinmu

Yau za mu yi magana kan duwan. Wanda ya taɓa bi ta Ɗan Isa, ko Ƙwanni, ko Gaya, ya san su. Mota ta tsaya, a ce kowa ya sauko da kayansa. Shin daga ina wannan al'ada ta fito?

Ku sani, biyan kuɗin hanya ya girmi zuwan Nasara. Kakanninmu fatake ne. Suna zuwa Gwanja sayo goro. Ayarin raƙuma na kawo gishiri daga Bilma. Duk ƙasar sarkin da ayari ya ratsa, sai madugu ya biya wani abu kafin a ba shi hanya. In an zo bakin gulbi, a biya kuɗin fito. Sarki kuma ya tsare su daga ƴan fashi. Wani sa'in ya tsare, wani sa'in ya amshe kuɗi kawai.

Amma lokacin nan babu layi tsakanin Maraɗi da Katsina irin na yau. Faransa da Ingila suka ja shi. Sun fara a shekara ta 1890, suka yi ta gyara har 1906. Gari guda ya wayi gari hannun Faransa, maƙwabcinsa hannun Ingila. Uwa nan, ɗiya can. Daga nan kayan da suka ƙetare layin suka zama kayan waje, sai an biya musu haraji. Daga nan kuma aka samu ƴan fasa ƙwauri, masu bin daji da dare.

Da Nijar ta samu ƴanci ran 3 ga Agusta 1960, duwan ya dawo hannun ƴan ƙasa. Kuɗin da ake amsa na shiga baitulmalin gwamnati. Ƙasarmu ba ta da teku, kaya masu yawa ta iyaka suke shigowa.

A 1975 aka kafa ƙungiyar CEDEAO a Legas. A 1979 ta yarda ɗan ƙasashenta ya shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. Amma ku lura, mutum aka sauƙaƙa wa, hajarsa tana nan ƙarƙashin doka. Iyaka kuma takan rufe. Najeriya ta rufe ta a 1984 har 1986, ta sake a 2019, sannan a 2023. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙwanni sun ji jiki. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO.

To, me matafiyi ke wucewa da shi ba biya? Kayan amfanin kansa: tufafinsa, agogonsa, tabarmarsa, guzurinsa, da ƴar tsaraba daidai misali. Turmi ɗaya na atamfa domin uwargida tsaraba ne. Turmi hamsin kuwa haja ce, ko da ka rantse. Alhaji mai dawowa daga Makka ma haka dokar take kansa. Makamai ba izini da miyagun ƙwayoyi kuwa haramun ne.

In ka iso duwan, faɗi abin da ka ɗauko tun ba a kwance ba. Kayan da aka ɓoye ana iya kama su, a ci ka tara. In ka biya, ka amshi takardar shaida. Yanzu da ka iya karatu, duba adadin da aka rubuta a kanta. Ya zama daidai da kuɗin da ka miƙa.