Lambar Lukas da Kurakuran Fada Marsen



Akwai lambobin da ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 7 da 13 da 31. Bari mu kira su gagara-raba. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariya ya kafa hujjar cewa ba su da iyaka. Amma gane ko wata babbar lamba tana cikinsu, nan gizo ke saƙa.

A 1644 wani malamin Kirista Bafaranshe, Fada Marin Marsen, ya duba lambobin da ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau da yawa aka cire 1. Misali 2 guda biyar, watau 32, a cire 1, saura 31. Ya ce daga 2 zuwa 257, wurare goma sha ɗaya kaɗai ke ba da gagara-raba. Bai kawo hujja ba, amma saboda girman sunansa jerin ya daɗe ana ambatonsa. Ashe kurakurai biyar ke ciki: ya sa 67 da 257, ya tsallake 61 da 89 da 107.

Game da 127 kuwa ya dace. Eduwar Lukas ne ya tabbatar da haka a 1876, da hannu. Lambar tana da alƙaluma 39:

170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727

Da a ce gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya zai yi, da har yau zuriyarsa ba su gama ba. Sai ya ɓullo da wata dabara, wadda Lehmer ya gyara a Amurka a 1930. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a sami 14. Haka za a yi ta yi, kowane karo ana raba sakamakon da lambar da ake gwadawa ana riƙe ragowar. Ga lambar Lukas, bayan karo 125 ragowar sifiri ce. Hujjar ke nan. A ganina nan ne gwanintar take: dabarar tana yanke hukunci ba tare da ta nemo mai raba lambar ba. Shi ya sa aka san ta 67 tana rabuwa tun kafin Farfesa Kol ya nuna a 1903, a birnin Niyok, cewa ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Shekara 75 lambar Lukas tana kan gaba, sai a 1951 injunan lissafi suka wuce ta, kuma har yanzu ba a tabbatar da wadda ta fi ta da hannu ba. Wadda kwamfutoci suka gano a Oktoban 2024, ita ma irin ta Marsen, alƙalumanta 41,024,320 ne, kuma da wannan dabara ta Lukas da Lehmer aka tabbatar da ita.