Hukuncin ɓoye wa likita gaskiya lokacin bayar da jini, da iyakar gwajin cutar ƙanjamau

Tambaya: Tunda asibiti na gwada kowace ledar jini kafin a ƙara wa mara lafiya, shin akwai laifi idan mai bayar da jini ya ɓoye wani abu da ya faru da shi kwanan nan, kamar kusantar wadda bai san lafiyarta ba, ko amfani da allurar wani?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Ka sani, ɗan'uwa, bayar da jini domin ceton rai aikin lada ne, amma ɓoye irin wannan bayani bai halatta ba, domin gwajin yana da iyakar da bai iya wucewa.

Tun 1985 aka fara gwada jinin gudummawa domin ƙanjamau a Amurka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana kira da a bincika kowace leda domin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Matsalar ita ce idan ƙwayar HIV ta shiga jiki, akwai ɗan lokacin da take cikin jini, tana iya kama wani, amma gwaji bai ganin ta. Gwajin gaggawa na ɗigon jini, wanda aka fi samu a ƙananan asibitocinmu, ba ƙwayar kanta yake nema ba, yana neman garkuwar da jiki ya haɗa domin yaƙar ta ne, ita kuwa takan ɗauki makonni uku har zuwa wata uku kafin ta bayyana. Gwajin ɗakin bincike da ke haɗa garkuwar da wani ɓangare na ƙwayar yakan gano ta tsakanin kwana 18 zuwa 45. Mafi kaifinsu, wanda ake kira NAT, yakan gano ta daga kwana 10 zuwa 33, kuma yana da tsada, ba ko'ina ake yin sa ba. Don haka wanda ya kamu makon jiya zai iya tsallake duka ukun, a ɗauki jininsa a ƙara wa mai haihuwa ko yaro mai sikila.

Wannan giɓin ne ya sa ake yi maka tambayoyi kafin a ɗibi jininka. Amsarka amana ce, kuma shari'a ta haramta cutar da wani. Ba a ɗora maka tona asirin zunubinka ba. Ya ishe ka ka ce ba za ka iya bayarwa yanzu ba, ka taimaka wajen nemo wani, ko da dangi za su ga baƙinka. Saboda wannan dalili ma, jinin masu sayarwa a ƙofar asibiti ya fi hatsari, domin mai neman kuɗi bai cika faɗin abin da zai hana a karɓa ba.

Gwajin yakan yi kuskure ta ɗaya ɓangaren ma. An tsara shi ya yi saurin zargi, don haka wani lokaci yakan nuna alama ga mai lafiya ƙalau. Idan aka ƙi jinin ɗan'uwanka, kada ka yanke masa hukunci, sai an tabbatar da gwaji na biyu. Ko ta tabbata, ba hujjar zina ba ce, domin ana kamuwa ta ƙarin jini, ko allura, ko daga uwa, kuma yaɗa maganar giba ce.

Wanda kuwa ya auka cikin hatsari bai wuce awa 72 ba, ya gaggauta zuwa asibiti, akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28.

Allah ne Mafi sani.