Mai Jifa Da Ake Kira Mai Garawa

Ranar da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar kurket ta duniya a Maleshiya, cikin Janairun 2025, 'yata ta tare ni da tambaya: "Umma, wai me ya sa ake ce wa mai jefa ƙwallon nan bola?" Dariya ta kama ni, don mu dai a Kano bola juji ce. Amma fa tambayar ta tsaya mini a rai.

Turawa suna rubuta shi bowler. Tushensa kalmar Faransanci ce, boule, wato abu mulmulalle, wadda ta zama sunan wani tsohon wasan Ingila na gara ƙwallo a kan ciyawa. Ashe, mai karatu, a farkon kurket ba jifa ake yi ba, garawa ake yi a ƙasa. Shi ya sa sandar dukan ma a lokacin lanƙwasasshiya ce daga baki. Sai wajen 1760 aka fara cilla ƙwallon ta iska, hannu yana ƙasa, ita ma sandar ta miƙe.

A 1822 wani John Willes ya ɗaga hannunsa daidai kafaɗa a filin Lord's na Landan, alƙalin wasa ya ce bai halatta ba. Ran maza ya ɓaci, ya haye dokinsa ya yi gaba. An halatta irin jifansa a 1835, sannan a 1864 aka yarda hannu ya wuce kai.

To ga inda ya fi taɓa ni. Ana ba da labarin wai 'yar'uwarsa Christiana ce ta koya masa, don faɗin siket ɗinta ya hana ta jifa ta ƙasa. Wallahi na so a ce gaskiya ne, ni da sana'ata ƙaga labari! Sai dai masana tarihi da yawa ba su yarda ba, sun ce irin wannan buɗaɗɗen siket bai shigo yayi ba sai bayan shekaru.

Hannu ya tashi daga ƙasa har sama, suna bai motsa ba. Ko a 2021, da ƙungiyar MCC mai kula da dokokin wasan ta sauya batsman zuwa batter don sunan ya haɗa da mata, bowler ba a taɓa shi ba, tunda dama babu namiji a cikinsa. Da na gaya wa 'yata haka, cewa ta yi in saya mata ƙwallo.