Ƙwayar Gado ta OR7D4 da Bambancin Jin Warin Androstenon Tsakanin Mutane

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken da aka yi kan ƙwayar gado ta OR7D4, wadda ke ƙera makarɓin warin sinadarin androstenon a hancin ɗan Adam. An nuna cewa sauyin amino asid biyu kacal na sauya yadda mutum ke jin sinadarin, sai dai gado bai cinye bayanin duka ba.

Muhimman kalmomi: OR7D4, androstenon, makarɓin wari, gado.

1.0 Gabatarwa

A 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera makarɓan wari, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2004. Ɗan Adam na da kusan 400 masu aiki. Kowane makarɓi furotin ne da ke ratsa fatar ƙwayar jijiya sau bakwai a can ƙuryar hanci. Da sinadarin da ya dace da shi ya manne masa, sai saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa.

Androstenon yana cikin gumin mutum da kitsen namijin alade da ba a dandaƙe ba. A miƙa wa mutum uku kwalba ɗaya mai ɗauke da shi: na farko ya kawar da kai don zarni, na biyu ya ce ƙanshi ne mai daɗi, na uku ya rantse babu komai a ciki. Tambayar ita ce daga ina wannan saɓani ya taso.

2.0 Hanyar Nazari

An kwatanta sakamakon ayyuka huɗu da aka wallafa tsakanin 1989 da 2015, waɗanda suka haɗa gwajin ɗakin bincike da gwajin hancin mutane.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

OR7D4 tana kan kuromosom na 19. A 2007 Keller da abokan aikinsa na jami'o'in Rockefeller da Duke a Amurka suka wallafa a mujallar Nature cewa tana da manyan nau'i biyu. Wanda ya fi yawa shi ne RT. A ɗayan, WM, amino asid na gurbi na 88 da na 133 sun sauya. Da aka dasa su a ƙwayoyin gwaji, RT ya amsa wa androstenon sosai, WM kuwa da ƙyar ya motsa.

Kowa na gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Cikin kusan mutum 400 da aka gwada a New York, masu RT biyu sun fi jin ƙarfin warin da muninsa. Ga masu ɗauke da WM, warin ya yi sauƙi, wasu ma suka kwatanta shi da ƙanshin banila.

Lunde da abokan aikinta sun kai batun teburin abinci a Norwe a 2012: masu RT biyu sun fi ƙyamar naman aladen da ke da sinadarin. A 2015 Hoover da tawagarta suka duba al'ummomi 43, suka tarar nau'in da ke jin warin ya fi yawa a Afirka.

Amma tun 1989 Wysocki da abokan aikinsa na cibiyar Monell a Filadalfiya sun sa mutanen da ba sa jin androstenon suna shaƙarsa kullum har mako shida, sai kusan rabinsu suka fara ji. Ƙwayar gadonsu ba ta sauya ba; sabo ne ya buɗe hancin.

4.0 Kammalawa

OR7D4 na cikin makarɓan farko da aka danganta bambancinsu da abin da mutum ke ji a zahiri. Duk mai gwajin wari a kan mutane dole ya lissafa abu biyu: nau'in da suka gada, da yawan cuɗanyarsu da sinadarin kafin gwaji.