Tekun da Ya Taɓa Rufe Ƙasar Sakkwato

Tsakanin shekara miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce, wani teku mara zurfi ya sha malale ƙasar Sakkwato da yammacin Nijar da arewacin Mali. Shaidar tana cikin duwatsu, waɗanda suke hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Dutsen farar ƙasar Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, cike yake da ɓawon halittun ruwa. A yankin Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku.

Tun ƙarni na 11 Albiruni ya kafa irin wannan hujja game da hamadar Larabawa. Don haka muke faɗa wa ɗalibanmu kada su ɗauki wannan ilimi kishiyar imani, domin Suratul Ankabut, aya ta 20, ta umurce mu da nazarin farkon halitta. Wallahu a'alamu.